Kyamarori Biyu Masu Kama Da Juna: Wacce Za A Ɗora A Katanga?

A gidaje da yawa na Barnawa, Narayi, Sabon Tasha da Unguwar Romi, idan maganar sanya kyamarar tsaro ta taso, ba maigida ne ke zaɓe ba. Shi nasa ya ba da kuɗi. Wanda ake kira shi ne yaron gidan da ya fi kowa iya waya, a ce masa, "Kai da ka san kan abubuwan nan, duba mana mai kyau." Shi kuma ya buɗe Jumia ko Jiji, ko ya tsallaka gada ya shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sai ya tarar da kyamarori biyu kamar an tsaga kara. Duk farare ne, duk an rubuta 4MP a kwalinsu, duk IP67, duk suna gani da dare har mita 30, kuma duk ana kallonsu ta waya. Bambancin da ido ke gani kawai shi ne ɗaya ta kusa ninka ɗaya a farashi.

Wannan zaɓi ba na wasa ba ne a kudancin kogin Kaduna. A farkon shekarar 2024 'yan bindiga sun shiga Gonin Gora da dare sun kwashi mutane daga gidajensu, har mazauna unguwar suka tare babbar hanyar Abuja don nuna fushinsu. A unguwannin da ke can ciki kamar Kakuri da Television kuwa, abin da ya fi damun mutane shi ne ɓarawon da ke haura katanga ya ɗauke janareta, batirin mota, babur ko farantin sola. Ko wanne ne daga ciki, ana sayen kyamara ne don dare ɗaya tak, kuma a wannan daren ne ake gane ko an sayi abin kirki ko an sayi kwalliya.

Lambobin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali su ne waɗanda kyamarorin ba su cika bambanta a kansu ba. Waɗanda ke raba su suna cikin takardar bayanin kamfani, da ƙananan baƙaƙe, kuma mai shago ba kasafai yake ambatonsu ba.

Lens ɗin ne farkon abin dubawa

A jikin kowace kyamara, ko a ƙarshen lambar samfurinta, akwai wani adadi: 2.8mm, 4mm ko 6mm. Sau da yawa kyamara ɗaya ce kamfani ke fitarwa da lens kala uku, farashi ɗaya, kwali ɗaya. Masu shago sun fi kawo 2.8mm domin ita ce ke burge mai saye: ana kunna ta sai ga shagon gaba ɗaya a allo, daga wannan bango zuwa wancan. Tana buɗe ido kusan digiri 100. Ta 4mm tana buɗewa kusan digiri 80, ta 6mm kuwa ɗan sama da 50.

Matsalar faɗin gani ita ce, fiksel ɗin da kyamara ke da su ƙayyadaddu ne. Idan aka shimfiɗa su a kan fili mai faɗi, kowace mita ɗaya ta filin tana samun kaɗan. Masu wannan sana'a suna da ma'auni na duniya da ake kira DORI, wanda ya raba gani gida huɗu gwargwadon yawan fiksel da ke sauka a kan mita ɗaya. Da fiksel 25 za a san akwai mutum a wurin. Da kusan 63 za a ga kalar rigarsa da abin da yake yi. Da 125 za a gane shi idan da ma an san shi. Sai an kai 250 sannan za a iya ɗaukar hoton baƙo a nuna wa 'yan sanda ko 'yan sintiri su ce lallai wane ne.

Ga yadda abin ke fita a kyamarar 4MP ta talakawa mai ƙaramin sensa. Ta 2.8mm tana ba da fuskar da za a iya tantancewa zuwa kusan mita 6. Ta 4mm zuwa mita 8. Ta 6mm zuwa mita 12. Kamfanoni irin su Hikvision da Dahua suna rubuta waɗannan tazarori a takardar bayanin kowace kyamara, ƙarƙashin haruffan D, O, R da I, kuma ana iya sauke takardar kyauta a waya kafin a biya ko sisi.

Yanzu a ɗauki fuloti hamsin-da-ɗari, wanda shi ne aka fi yankawa a sababbin unguwanni irin su Kamazou. Ƙafa 100 kusan mita 30 ke nan, ƙafa 50 kuma mita 15. Idan aka kafa kyamarar 2.8mm a kusurwa tana kallon doguwar katanga, mita 6 na farko ne kawai za ta ba da fuska. A ragowar mita 24 za a ga mutum, amma ba za a iya tantance fuskar baƙo ba. Kuma rabin hotonta ya tafi a banza, yana kallon sama da rufin maƙwabta da jikin bangon da aka kafa ta. Ga doguwar katanga, ta 6mm ta fi dacewa, domin katanga siririn layi ce, ba fili ba. Abin da ya fi ma shi ne biyu a kusurwa biyu suna fuskantar juna, kowace tana rufe makantar da ke ƙarƙashin 'yar'uwarta, kuma duk wanda ya zo lalata ɗaya, ɗayar ta ɗauke shi. A bakin get kuwa, inda dole mutum ya matso kusa, 2.8mm ko 4mm ta wadatar.

"Mita 30" ɗin nan na jikin kwali magana ce ta iya inda hasken fitilar kyamara ke kaiwa da dare. Ba alkawari ba ne cewa za a gane fuska a can.

Tsawon da aka kafa ta ma yana cikin lissafi. Masu sanyawa suna son kai ta can ƙarƙashin rufin bene don kada hannu ya kai gare ta. Daga can abin da ake samu shi ne saman hula. Tsakanin mita biyu da rabi zuwa uku ya isa ya gagari hannu, kuma fuska tana shiga.

Dare ne ke tona asirin kyamara

Da rana kowace kyamara gwana ce. Shi ya sa gwajin da ake yi a cikin shago, ƙarƙashin fitila mai haske, ba ya nuna komai.

Abu na farko da ke raba su da dare shi ne girman sensa, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kansa a bayan lens. Ana rubuta shi kamar kaso: 1/3, 1/2.8, 1/1.8. Lambar ƙasa tana raguwa, sensa yana ƙara girma. A nan ne wanda ya saba da sayen waya yake faɗawa tarko, domin ya saba jin cewa yawan megafiksel shi ne inganci. Kyamarar 8MP, wadda ake kira 4K, idan an cusa fiksel ɗinta a kan sensa 1/2.8, kowane fiksel faɗinsa kusan maikiron 1.45 ne. Kyamarar 4MP a kan sensa 1/1.8 kuwa fiksel ɗinta kusan maikiron 2.9 ne. Faɗi ya ninka biyu, fili ya ninka huɗu, hasken da kowane fiksel ke tarawa ma haka. Da tsakar rana ta 8MP za ta fi fitar da ƙananan abubuwa. Da ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, ta 4MP ce za ta ba da fuska, ta 8MP ta ba da yashi. Duk wanda ya taɓa gwada wayar da aka rubuta mata 50MP mai araha da tsohuwar iPhone mai 12MP a cikin duhu ya riga ya ga wannan da idonsa.

Na biyu shi ne faɗin ƙofar haske, da ake rubutawa da harafin F. Nan ma ƙaramar lamba ta fi. F1.0 tana shigar da haske ninki huɗu na F2.0. Kyamarorin da ke ba da hoto mai kala da dare, irin ColorVu na Hikvision da Full-color na Dahua, da yawansu F1.0 ne, kuma suna da 'yar farar fitila da ke taimaka musu. Sauran suna amfani da hasken infrared, wanda idon mutum ba ya gani sai ɗan ja-ja a fuskar kyamarar, kuma hotonsu baƙi da fari ne.

Wanne ya fi? Hoto mai kala yana ba da launin riga da launin babur, abin da ke da amfani ƙwarai idan ana cigiya. Amma farar fitilar tana sanar da kowa inda kyamarar take, kuma idan ta haska tagar maƙwabci duk dare, za a ji daga gare shi. A layin da babu fitilar titi ko ɗaya, infrared ta fi kai wa nesa. Akwai waɗanda suka haɗa biyun: suna zaune da infrared, idan suka ga mutum sai farar fitila ta kama. A bakin get waɗannan sun fi daɗin aiki.

Akwai wata dabara da kyamarori masu araha ke yi don hotonsu ya yi kyau da dare. Suna barin ido a buɗe na tsawon lokaci kafin su ɗauki kowane hoto. Sakamakon haka katanga da mota da bishiya suna fitowa tas, domin ba sa motsi. Mutum yana giftawa sai ya zama kamar hayaƙi. Hotunan tallan da ake gani a intanet kusan duk na wurin da babu mai motsi ne, kuma ba kuskure ba ne. Kyamara mai kyau tana ba da damar a shiga saiti a ƙayyade saurin ɗaukar da hannu, a ce kada ya yi ƙasa da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Hoton zai ɗan ƙara duhu, amma mai tafiya zai fito da fuskarsa. Idan manhajar kyamara ba ta da wannan saiti kwata-kwata, wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye ta.

Sai WDR, wanda ke aiki idan haske mai ƙarfi yana bayan mutum, kamar fitilar mota a bakin get ko hantsi ga gidan da ke kallon gabas. Idan an rubuta 120dB, na gaske ne. Idan an rubuta DWDR, manhaja ce kawai ke shafa wa hoton mai.

Ƙura, ruwa da shinge

IP66 da IP67 ba abin tsayawa gardama ba ne. Shidan farko tana nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Lamba ta biyu ta ruwa ce: 6 tana jure feshi mai ƙarfi, 7 tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Duk biyun sun isa ruwan Agusta na Kaduna. Inda ruwa ke shiga a zahiri shi ne mahaɗar waya a bayan kyamara, wadda mai sanyawa ya naɗe da salatif ya bari tana lilo. Akwai ɗan murfi na roba da ke zuwa cikin kwali don wannan mahaɗa, kuma akwai akwatin da ake sayarwa daban don ɓoye ta. Kyamarori da yawa da aka ce sun mutu bayan damina ɗaya lafiyarsu lau, mahaɗar ce ta yi tsatsa.

Siffar kyamara ta fi lambar IP tasiri a nan. Mai rufin gilashi kamar an kife kwano, wadda ake kira dom, tana da kyau a ofis. A waje kuwa, da hunturu ya shigo ƙura ta kwanta a kan gilashin, hasken infrared ɗinta yana bugun ƙurar ya dawo cikin idonta, hoton dare ya zama fari fat kamar hazo. Mai siffar bututu, bulet, ba ta da wannan matsala sosai, amma fitilunta suna kewaye da lens, kuma haske yana jawo ƙwari. Gizo-gizo yana bin ƙwari, ya yi saƙa daidai gaban ido. Zare ɗaya na saƙar da dare yana fitowa kamar farar igiya da ta raba hoton biyu. A farkon damina, daren da shinge ya fito, allon yakan cika da fararen abubuwa masu yawo har ba a ganin komai. Ta ukun, mai kama da ƙwallo a cikin gurbi, wadda ake kira taret, fitilarta tana gefe guda daban da lens kuma ba ta da rufin gilashi. Ga yanayin Kaduna ita ce mafi ƙarancin wahala. Ko wacce aka saya dai, tsumma da doguwar sanda sau ɗaya a mako lokacin hunturu suna cikin kuɗin kyamara.

Wuta, da maganar kyamarar sola

Tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, kowa ya san rukuninsa. Band A alkawarinsa awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Ko wanda ke Band A yana da awa huɗu na duhu a kan takarda, kuma babu wanda ya ce masa ba za su faɗo da tsakar dare ba. Kyamarar da ba ta da batir a bayanta tana barci daidai lokacin da unguwa ta fi duhu.

Lissafin ba shi da wuya. Kyamara ɗaya tana cin kusan wat 5 zuwa 8 idan fitilarta na kunne. Huɗu da na'urar naɗi, wato NVR ko DVR, za su tashi kusan wat 50. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan irin na dalma ne, rabi kawai ake so a ci don kada ya mutu da wuri. Wat-awa 600 a raba da 50 ya ba da awa 12, a cire abin da inbata ke sha, a ce awa 10. Dare ɗaya ke nan. A wata kuwa wat 50 ba dare ba rana yunit 36 ne, wanda a farashin naira 225 da aka sanar wa Band A a lokacin ya kama naira 8,100. Ƙaramin UPS na kwamfuta ba zai yi wannan aiki ba, domin an yi shi ne don 'yan mintoci.

A nan kyamarar IP mai PoE ta fi ta analog sauƙin sha'ani. Waya ɗaya ce ke kai mata wuta da ɗauko hoto, har tsawon mita 100, don haka duk kyamarorin gidan suna shan wuta daga wuri guda, kuma wuri gudan nan kaɗai za a ba batir. Sai dai a kula da wayar. Akwai mai araha da ake kira CCA, alminiyum ce aka shafa mata jan ƙarfe. A gajeren zango tana aiki. A dogon zango, da dare ya yi fitilar kyamara ta kama ta ƙara jan wuta, sai kyamarar ta riƙa mutuwa tana tashi. Mai gida ya ce kyamara ba ta da kyau, alhali waya ce. Ana gane ta idan aka kankare da reza: cikinta fari ne.

Saboda wannan wahala ne kyamarar sola mai layin waya ta samu kasuwa. Babu jan waya, babu inbata, a sa mata sim a ɗaure ta a sanda. Ga fulotin da ake gini a Mararaban Rido ko gonar kaji a bayan gari, inda babu wuta sam, tana da ranarta. Amma ya kamata mai saye ya san yadda yawancinsu ke aiki. Don batir ya kai safe, ba sa naɗi kullum. Suna barci ne, sai wani ɗan sensa mai jin ɗumin jiki, PIR, ya tashe su. Tashin yana ɗaukar ɗan lokaci, kuma wanda ya dira daga katanga da sauri yakan bar bayansa kawai a bidiyon. Sensan ba ya kai wa nesa, da wuya ya wuce mita 10. Ya fi jin wanda ya gifta ta gabansa a kan wanda ya nufo shi kai tsaye. Kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da katanga ta sha rana ta kwana da zafi, bambancin ɗumin mutum da na bango yana raguwa, sensan ya ƙara kasala.

Sannan ga sabis. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta sa an katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma Chikun, wadda ta ƙunshi unguwanni da dama na kudancin kogi, tana ciki. Kyamarar da duk ajiyarta ke kan intanet, a irin wannan lokaci ba ta da maraba da fitilar ado. Don haka cikin kyamarori biyu masu kama da juna, wadda ke da ramin memori kuma take ci gaba da naɗi ko babu netwok ita ce ta gaba. Haka ma mai Wi-Fi: bulo da rodi suna cinye siginar, kuma abin da ya nuna sanda uku a falo yakan koma ɗaya a bayan ɗakin maigadi.

Ƙarar da ake kashewa

Tsohuwar hanyar gane motsi ita ce kyamara ta lura fiksel sun canza. Akuya ta wuce, saƙo. Iska ta kaɗa mangwaro, saƙo. Fitilar Keke ta haska bango, saƙo. A dare ɗaya waya ta yi ƙara sau hamsin, kafin mako ya zagayo mai wayar ya kashe sanarwar gaba ɗaya. Daga nan kyamarar ta daina zama mai gargaɗi, ta koma mai ba da labarin abin da ya riga ya faru.

Sau da yawa bambancin farashin nan da mai shago ya kasa bayyanawa yana nan. Mai tsadar tana iya rarrabe mutum da mota da sauran abubuwa. Hikvision na kiran nata AcuSense, Dahua WizSense, kuma Tapo, Reolink, Ezviz da Imou duk suna da irinsa a yawancin sababbin samfuransu. Wasu suna ba da damar a ja layi da yatsa a kan hoton, daidai saman katanga, a ce sai mutum ya tsallaka daga waje zuwa ciki sannan waya ta yi ƙara. Ga tsaron katanga wannan ya fi ƙarin megafiksel daraja nesa ba kusa ba. Kyamara ba ta tare kowa. Abin da take iya bayarwa shi ne minti biyu ko uku kafin a iso ƙofar ɗaki, waɗanda a cikinsu za a tashi mutanen gida, a kunna fitilu, a kira 'yan sintiri, a jefa saƙo a guruf ɗin WhatsApp na unguwa. Sanarwar da aka kashe ba ta ba da ko daƙiƙa ɗaya.

Abin tambaya kafin a biya: wannan ganewar a cikin kyamarar take, ko sai an biya kuɗin wata-wata da dala?

Ajiya da data

Kyamarar 4MP da ke naɗi a kan megabit 4 a daƙiƙa tana cin gigabait 1.8 a awa, kusan 43 a rana. Huɗu za su cika faifan ajiya mai terabait ɗaya cikin ƙasa da kwana shida. Idan kyamarar da na'urar naɗin duk suna da H.265, wanda ya fi H.264 iya matse bidiyo, kwanakin za su kusa ninkawa. Wannan na da muhimmanci domin sata da yawa ba a gano ta washegari, sai an nemi abu an rasa bayan mako guda. Faifan ma akwai na wannan aiki musamman, kamar WD Purple da Seagate SkyHawk, waɗanda aka ƙera don rubutu ba tsayawa. Tsohon faifan kwamfuta da aka goge aka sa a sabuwar leda shi ne yakan mutu shiru, ba wanda ya sani sai ranar buƙata.

Wancan gigabait 1.8 ɗin shi ne kuma abin da data za ta sha idan aka zauna ana kallo ta waya a kan HD. Kowace manhaja tana da maɓallin komawa ƙaramin hoto, wanda ke cin kusan kashi ɗaya cikin takwas na haka. Don leƙa gida daga makaranta ko wurin aiki, ƙaramin ya isa.

Na'urar naɗin kuma kada ta zauna ƙarƙashin talabijin a falo, inda duk wanda ya shigo zai tsinke ta ya tafi da ita. A ɓoye ta, kuma a sa memori a cikin kyamarar get ko da akwai NVR, don a samu kwafi biyu.

Wa kuma ke kallo?

Kyamara mai intanet ƙaramar kwamfuta ce, kuma ana kutsa mata. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu kyamarori da DVR, ba da wata babbar dabara ba illa gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani. A 2021 an gano wata ɓaraka mai haɗari a kyamarorin Hikvision da yawa, kamfanin ya fitar da gyara. Darasin da ke ciki bai tsaya ga sunan kamfani ba: mai suna yana fitar da gyara, marar suna kuwa, irin waɗanda babu ko adireshin kamfani a kwalinsu, babu mai gyara musu komai har su mutu. Irin waɗannan ne kuma sukan rubuta 5MP ko 8MP alhali sensan 2MP ne aka hura hotonsa.

A gida Najeriya ɓarakar da ta fi yawa ba ta kai haka nisa ba. Mai sanyawa ne ke buɗe asusun da imel ɗinsa da lambarsa, ya ƙirƙiri kalmar sirri, ya tafi da ita. Ko da mutumin kirki ne, wayarsa na iya ɓata, kuma a cikinta akwai tsakar gidan mutane da lokacin fitarsu da dawowarsu. Asusu ya zama da sunan ɗan gida tun ranar farko, a canza kalmar sirri kafin mai sanyawa ya sauke tsaninsa. Idan kyamarar na da ONVIF, yaren da ke sa na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna, to gobe ana iya canza NVR ko ƙara wata kyamara ba tare da an ɗaure da kamfani ɗaya ba.

Maƙwabta ma suna da haƙƙi. Kyamarar da aka ɗaga sama tana iya leƙa tsakar gidan da ke jikin katanga, inda mata ke harkokinsu. Yawancin masu kyau suna da saitin da ake zana baƙin akwati a kan wani sashe na hoton don kada a gani kuma kada a naɗa. Gara a zana shi, a kira maƙwabcin a nuna masa a waya, tun kafin shi ya zo da maganar.

Gwajin da ya fi takarda

Idan an rage zaɓi zuwa biyu kuma har yanzu an kasa rabawa, a sayi ɗaya tak tukuna, bayan an yi magana da mai shago cewa za a iya musanyawa. A ɗaure ta na wucin gadi a inda za ta zauna. Bayan sallar isha'i a kashe fitilun waje duka, kamar yadda za su kasance idan an ɗauke wuta. A sa ƙane ko aboki ya sa hula, ya yi tafiya ta sauri a gindin katanga daga can ƙarshe zuwa ƙarƙashin kyamarar, sannan ya sake yi da gudu. A sauke bidiyon daga abin da aka naɗa, ba daga kallon kai tsaye ba, a tsayar da shi a wurare daban-daban, a nuna wa wanda bai san wa aka sa ba. Inda ya fara cewa "ai wane ne", a auna tazarar da tef. Wannan ita ce tazarar kyamarar ta gaskiya a wannan gidan, kuma da ita za a san ko guda nawa katangar ke buƙata.

Kafin a sauko, a cire mata wuta na minti biyar a mayar, a duba agogon da ke kusurwar hoton. Wasu suna komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da wuta ta ɗauke, kuma bidiyon da kwanan watansa ya nuna 1970 zai ba mai shi wahala a gaban ɗan sanda mai bincike.